Dutsen da Ya Taɓa Yin Rai: Tambayoyin Iyaye Kan Labarin Marainiya

Ni malamar firamare ce a cikin garin Gombe. Duk ranar Asabar da hantsi yaran unguwa kan taru a zauren gidanmu in karanta musu labari. Tun bayan ɗaukewar damina muke kan wani da na rubuta da hannuna, na wata yarinya 'yar shekara 10 da na raɗa wa suna Talatu. Mahaifinta ya rasu ya bar su da bashi, ita kuma a wajen kiwon awaki ta tsinci wani dutse naɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Tun da muka fara iyaye ke tare ni, wasu a hanya, wasu a gidan suna, wasu ta waya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su nan, ban kuma rage wa masu zafin cikinsu zafi ba.

Malama, me ya kai ki karanta wa yara labarin mutuwa? Ba tsorata su za ki yi ba?

Ba ni na shigo da mutuwa zauren ba, a zaune na same ta. Cikin yaran akwai wanda aka yi zaman makoki a gidansu bara, akwai 'yar riƙo da aka kawo daga ƙauye bayan rasuwar uwarta, akwai agola. Sun san mutuwa sarai. Wanda zai zauna da su a kanta ne suka rasa.

Ku tuna yadda muke yi in an yi rashi. Maza na ƙofar gida bisa tabarmi, mata na ciki, kowa ya shigo sai "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan rai". Ɗan mamacin fa, yana ina? An aike shi sayo ruwan leda, ko an tura shi gidan maƙwabta kada ya dami mutane. Da wuya ka ga babban da ya durƙusa ya yi wa ɗan shekara 7 ta'aziyyar ubansa. Ana yin sadakar uku a naɗe tabarmi, uwa tana takaba wata 4 da kwana 10 tana fama da nata, shi kuwa a bar shi da tambayoyin da kunya ba za ta bari ya yi ba. Wa zai biya kuɗin makaranta? Raba mu za a yi? Ko rashin jin da na yi masa ne ya kashe shi? Wannan ta ƙarshen yara da yawa na yawo da ita a ciki ba wanda ya sani. In Talatu ta yi tambayar a labari, an yi wa mai sauraro ita ke nan, bai ko buɗe baki ba.

Ba kuma yau aka fara ba. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana cike suke da marainiya da kishiyar uwa, ana aikenta rafi da dare, ana ba ta ƙanzo. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, labarin yaron da aka raba da uwarsa ya bayar a Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Mun karanta shi muna 'yan makaranta, ga mu nan lafiya lau.

Ai haƙuri addini ya ce a yi. Ba raki kike koya musu ba?

Haƙuri daban, ƙunshe baki daban. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake barin duniya, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya kuma bayyana cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu ya yi jimamin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shi kansa Manzo maraya ne: mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa yana shekara 6, kakan da ya riƙe shi yana shekara 8.

Amma wanda na fi kawo wa iyaye shi ne na ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair. Yana da ɗan tsuntsun wasa, tsuntsun ya mutu, Annabi ya same shi jugum, sai ya tambaye shi labarin tsuntsun. Tsuntsu fa. Bai ce masa kai namiji ne, share hawayenka ba. Wata maƙwabciyata Kirista, mutuniyar Kaltungo, da 'yarta ke zuwa zauren, ta ce da ni su ma a littafinsu Yesu ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru.

To mun ji na maraici. Me ya kawo dutse ciki?

Yaro ba ya zama ya yi baƙin ciki a jere kamar babba. Yanzu yana kuka, anjima yana langa, da dare kuma ya ƙi barci. Ba ya kuma iya tunkarar maganar gaba da gaba, sai ta gefe, sai da wani abin riƙewa a hannu.

Dutsen Talatu abu ne da ya taɓa yin rai. Ya mutu, ba zai dawo ba, amma ga siffarsa nan a tafin hannunta har da zanen jikinsa. Haka take da Baffanta, wato mahaifinta. Ya tafi, amma hularsa na rataye a ƙusa, kuma duk wanda ya ga tafiyarta sai ya ce tasa ce ta ɗauko. Ban taɓa faɗa wa yaran wannan kamannin ba, ban kuma sa wani a labarin ya faɗa ba, don da na faɗa da na ɓata. Wata Asabar muna tsaka da karatu, wani yaro da ba ya cika magana ya ce, "Malama, mu ma rediyon Babanmu na nan, Inna ba ta bari a taɓa." Ban ce komai ba sai "Allah ya jiƙansa, wace tasha yake kamawa?" Ranar ya fi kowa surutu.

Akwai wani dalilin kuma. Maraya mutum ne da ake yanke wa shawara yana tsaye: Kawu ya ce a kai shi can, Goggo ta ce a bar shi nan, a yi rabon gado bai san me aka raba ba. Tsintuwar nan kuwa tata ce ita kaɗai. Ita ta san kwarin, ita ta san wane gefe ruwa ke zaizayewa, har ta zo ta san abin da manyan gidan ba su sani ba. Yaron da komai ya kuɓuce masa yana matuƙar son jin labarin yaron da ya riƙe wani abu.

Da na ce musu mai haƙuri yakan dafa dutse, wata ta ce ai wannan dutsen da ma nama ne, ba zai yi wuyar dahuwa ba. Ban sami amsa ba.

Shi dutsen, akwai irinsa da gaske ko ƙirƙira ce?

Akwai shi, kuma a ƙasarmu. Masana na kiran irin waɗannan abubuwa burbushin halittun da, wato ragowar dabba ko tsiro da ya daɗe a binne har ya koma dutse. Na Talatu sunansa amonait. Wata halittar teku ce mai ƙwanso naɗaɗɗe. In ka gan ta sai ka ce dodon koɗi, amma ba danginsu ɗaya ba, ita 'yar'uwar halittun tekun nan ne masu hannuwa barkatai. Cikin ƙwanson ɗaki-ɗaki ne, dabbar na zaune a ɗakin bakin ƙofa, sauran ɗakunan kuma na taimaka mata ta yi sama ko ta nutse. Zanen nan mai kama da ganye da ake gani a jikin wasu, wurin da bangon ɗakunan ya haɗu da ƙwanson ne.

Yadda take zama dutse ba wuyar ganewa. Ta mutu ta faɗa ƙasan teku, laka ta rufe ta kafin ta farfashe. Naman ya ruɓe, laka ta cika ɗakunan, wata lakar ta hau kai, wata ta hau kan wannan, nauyi ya danne har komai ya daskare. Bayan zamani mai tsawo ruwan sama ko masu haƙa su tono ta. Mafi yawan halittu ba sa samun wannan gatan, ruɓewa suke yi su ɓace. Irin amonait ya ƙare a duniya kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da manyan dainoso, wato ƙattin dabbobin nan na zamanin da masu kama da ƙadangare.

Teku a Gombe? Malama, a dai riƙa jin tsoron Allah.

Wannan daga bakin wani dattijo na ji ta, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa a watan Maris, ka ce masa yana zaune a ƙasan teku!

Amma haka ne. Lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta yi wani dogon kwari daga kudancin Nijeriya ta yau ya bi ta Binuwai har zuwa yankin kogin Gongola. Sama da shekara miliyan 90 da suka wuce ruwan teku ya cika, ya kwararo cikin kwarin, ya haɗe da wani tekun da ya ratso ta inda hamadar Sahara take yanzu. Ba teku ne mai zurfi sosai ba, mai ɗumi ne, cike da halittu. Ƙwansunansu ne suka taru suka zama farin dutsen da ake haƙa a Ashaka, cikin ƙaramar hukumar Funakaye, inda aka fara yin siminti a 1979. Wato bangon ɗakin da kuke kwana, in da simintin can aka gina shi, akwai ragowar tekun a ciki. Ramin haƙar dutsen Ashaka sananne ne wurin masana saboda yawan amonait ɗinsa.

Sunayen garuruwanmu ma sun shiga littattafan ilimin duwatsu. Akwai shimfiɗar duwatsu da ake kira da sunan Pindiga, ita ce ta zamanin tekun. Akwai ta Bima, wadda ta girme ta, da aka sa wa sunan Dutsen Bima, yashin tsofaffin koguna ne ya daskare, akan kuma sami itacen da ya zama dutse a cikinta. Kwal ɗin Maiganga ragowar tsirran fadama ne. A shekarun 1950 har an raɗa wa wasu jinsunan amonait suna Gombeoceras da Bauchioceras. Da na rubuta waɗannan a allo, yaran sun fi minti biyar suna gardamar wanda ya fi daɗin faɗa.

Da dainoso a labarin?

Babu, duk da yaran sun matsa. Na Talatu halittun ruwa ne, su ƙasarta ta ba ta. Mai son dainoso ya leƙa maƙwabta: a hamadar Jamhuriyar Nijar, wurin da ake kira Gadufawa, aka haƙo Nigersaurus mai haƙora sama da 500, da Ouranosaurus. A ƙasar Sakkwato kuma an sami wani ƙaton mai jan ciki na teku da aka sa wa sunan Goronyo.

Wani ya ce mini labarin Turawa ne kika juya. Gaskiya ne?

Ban juya littafin kowa ba, amma na san inda zancen ya samo asali. An yi wata yarinya a Ingila, Mary Anning, an haife ta a 1799 a wani garin bakin teku mai suna Lyme Regis. Ubanta kafinta ne, yana kuma tsintar irin waɗannan duwatsu yana sayar wa baƙi. Cikin 'ya'ya 10 da aka haifa a gidan, ita da yayanta Joseph kaɗai suka girma. Uban ya rasu a 1810 ya bar su da bashi, tana shekara 11. A 1811 yayan ya tsinci ƙoƙon kan wata halitta mai dogon baki, bayan wasu watanni ita ta gano sauran jikin. A 1823 ta haƙo wata mai dogon wuya, a 1828 wata mai fukafukai. Manyan masana na Landan na saye daga hannunta suna rubuce-rubuce, sau da yawa ba su ko ambace ta, ƙungiyarsu kuma ba ta karɓar mata a lokacin. Ta rasu a 1847, ba ta yi arziki ba. Sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garinsu, kuma wata 'yar makaranta ce ta tayar da maganar.

Tarihinta ya sa marubutan yara a can suka daɗe suna haɗa maraici da talauci da tsintar burbushi. Na ba yaran tarihin kamar yadda yake. Amma yarinyar da ba ta taɓa ganin teku ba, gaɓar tekun Ingila nesa take mata. Talatu kuwa tana tallar gyaɗa, tana jin ƙarar manyan motocin siminti a hanyar Bajoga, Dadarta na dama fura. Tunda dutsen na ƙarƙashin ƙafarmu, ban ga dalilin aro ba.

Maganar shekara miliyan kaza ba za ta taɓa imanin yaro ba?

Fatawa ta malamai ce, ni malamar aji ce. Abin da nake karanta wa yara shi ne aya ta 20 a Suratul Ankabut, inda aka umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah ya fara halitta. Malaman Musulunci na da ma sun duba. Albiruni, kusan shekara 1000 da suka wuce, ya rubuta cewa akwai sahara da ta taɓa zama teku, hujjarsa kuwa ƙwansunan da ake tararwa in ana haƙa rijiya. Ibn Sina ma ya yi bayanin yadda dabba da tsiro ke komawa dutse. Lissafin shekarun kuwa awo ne, ana auna wasu sinadarai a cikin duwatsu da ke sauyawa a hankali bisa ƙa'ida sananniya. A zaurenmu dai abin da yaran suka fi cewa in sun ji adadin shi ne "Allahu Akbar".

Kakar yaran ta ce dutsen aljanu ne, ta jefar da wanda suka kawo.

Kada a yi musu da Hajiya a gaban jikokinta. Ba mu kaɗai ba ne: mutanen wani gari a Ingila sun daɗe suna cewa amonait macizai ne da wata waliyyiyarsu ta mayar dutse, har masu sayarwa kan sassaƙa masa kan maciji. Mu ma muna da gatarin aradu, wanda a gaskiya makamin dutse ne da mutanen dauri suka wasa da hannunsu. A labarin ma Dadar Talatu sau biyu tana wurgar da dutsen bayan katanga. A na ukun ta ajiye shi cikin kwallarta ta goro, ba ta ce wa kowa komai ba.

Me ya sa ba ki sa Talatu ta sayar da dutsen sun yi kuɗi ba? Yarana sun ji haushi.

Na san sun ji, a gabana suka yi ƙorafin. Na gwada rubuta shi haka, wani Bature ya zo da jaka cike da kuɗi, aka biya bashi, aka sayi gida a Tumfure. Na yage shafin. Marayan da ke saurarona zai koma gida ya tarar bashin na nan. In na koya masa cewa baƙin ciki na ƙarewa ne ranar da aka yi tsintuwa, na yi masa ƙarya, kuma zai gane. Banda haka, amonait ɗin da yaro zai tsinta a kwari ba wani kuɗi yake kawowa ba, kada mu tura yara haƙe-haƙe da kwaɗayin banza.

Wannan ne babban laifin da nake gani a labaran marayu da ake ba yara, har da na finafinai: ko maraya ya zama ɗan sarkin da ya ɓata, ko muguwar kishiya ta haukace a kasuwa. Kishiyar uwar Talatu ba muguwa ba ce, gajiyayya ce, ita ma mijinta ne ya mutu. Bashin kuwa da kuɗin ƙosai da adashi ake rage shi, kaɗan-kaɗan, har labarin ya ƙare ba a gama biya ba. Abin da Talatu ta samu shi ne ta koma makaranta, ta kuma iya ambaton sunan Baffanta ba tare da an ce mata yi shiru ba.

Daga shekara nawa ya dace?

Ni daga 8 nake farawa. Ƙanana sosai ba su gama gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa ba. Su gajeren bayani na gaskiya ya fi musu. Don Allah a daina ce musu "ya yi tafiya". Na ga yarinyar da ta shekara tana leƙa ƙofa duk sanda ta ji tsayuwar babur.

In yaro ya fashe da kuka ana cikin karatu fa?

A rufe littafin, a matso kusa da shi, a ba shi ruwa. Kada a ce ya faɗi abin da ke damunsa a gaban 'yan'uwansa. In ya ce a ci gaba a ci gaba, in ya tashi ya fita a bar shi. Wanda aka yi wa rashi cikin 'yan makonnin nan ba na fara masa wannan labarin, sai na tambayi uwarsa ko mariƙinsa tukuna. In kuwa watanni sun shuɗe yaro ba ya cin abinci, ba ya wasa, ya koma fitsarin kwance, ko yana cewa shi ma gara ya mutu, wannan ya wuce labari, a kai shi asibiti.

Yanzu ɗana ya dame ni sai an kai shi neman dutse. Ya zan yi?

Ramin haƙar dutse na kamfani ba wurin yara ba ne, ana fasa dutse da nakiya, manyan motoci na kai da kawowa, ba a kuma shiga sai da izini. Gindin gaɓar kwari ma haɗari ne, musamman da damina, ga zaftarewa ga ambaliya. Ita kanta Mary Anning gaɓa ta taɓa zaftarewa a 1833 ta kashe karenta, ita da ƙyar ta sha. Da rani za ku je, da babba, da takalmi rufaffe saboda kunama, a nemi izinin mai gona, a tsinci abin da ruwa ya riga ya fito da shi a fili. Ban da haƙa.

In ya samu, kada a goge shi da wuƙa ko a shafa masa mai. A wanke da ruwa kawai, a sami takarda ya rubuta ranar da wurin da hannunsa, don dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa wurin masana. In abin ya yi kama da ƙashi ko haƙori, a bar shi inda yake a ɗauki hoto da waya. Akwai sashen ilimin duwatsu a Jami'ar Jihar Gombe, akwai kuma a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, can ya kamata a nuna.

Ku dai shirya, mafi yawan abin da zai kwaso tsakuwa ce. Muna da kwalin taliya a zauren da muke tarawa. Makon jiya wani ɗan aji uku ya zo da gudu yana haki, wai ya samo haƙorin kifin teku a bayan masallaci. Hannun kofin tangaran ne. Mun rubuta masa takardarsa, rana da wuri, mun sa a kwalin.